Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jakar ruwa a fankiriyas

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya a daidai lokacin da na koma sashen cututtukan ciki da hanji. Yau zan tsaya kan aiki guda na wannan sashe, wato leƙa fankiriyas ta cikin tumbi.

Fankiriyas tana kwance a bayan tumbi, ita ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Sikanin da ake gogawa a fatar ciki ba ya ganinta sosai, domin iskar hanji da kitse suna tare hanya. Shi ya sa aka ɗora idon sikanin a bakin tiyo mai kyamara da ake zurawa ta baki, na'urar da ake kira EUS. Idan tiyon ya shiga tumbi, bangon tumbin ne kaɗai tsakaninsa da ita. Daga tumbi ake duba gangar jikinta da wutsiyarta, kanta kuma sai an gangara farkon ƙaramin hanji.

Mafi yawan masu jakar ruwa a fankiriyas ba ita ta kai su asibiti ba, an yi musu CT ko MRI don wani dalili ne aka ci karo da ita. Da sun ji an ce "ƙari" sai hankali ya tashi, alhali yawancin irin waɗannan jakunkuna ba sa zama daji. Aikin likita shi ne ya raba masu yauƙi da marasa yauƙi, domin masu yauƙin, wato IPMN da MCN, su ne ke iya rikiɗewa.

Majiyyaci zai daina cin abinci awa 6 kafin aiki. Cikin masu shan maganin hana daskarewar jini, mai shan warfarin yakan dakata kwana 5, mai clopidogrel kusan mako guda, amma da yardar likitan da ya ɗora shi a kai. Ana kwantar da shi a gefen hagu, a ba shi maganin barci ta jijiya.

Ido ne ke fara aiki kafin allura. Ana auna faɗin jakar, a duba kaurin bangonta, a ga ko tana haɗe da babban bututun fankiriyas. Jakar da ta kai santimita 3, ko bututun da ya buɗe milimita 5 zuwa 9, abin sa wa ido ne. Idan bututun ya kai milimita 10, ko akwai tsiron nama na milimita 5 a bangon jakar, ko ciwon shawara ya bayyana saboda toshewa, magana ta koma wurin likitan tiyata.

A nan ne sabon hannu ke ruɗewa. Dunƙulen yauƙi yana kama da tsiron nama a allo. Amma yauƙi gefensa sumul ne, bakinsa da haske tsakiyarsa da duhu, kuma idan aka juya majiyyaci ko aka taɓa shi da allura sai ya gusa. Nama ba ya gusawa, kuma jini na shiga cikinsa, ana gani idan an sa ruwan haska jijiyoyi. Kuskure a wannan wuri na iya jawo wa mutum babbar tiyatar da bai buƙata.

Idan za a ɗebi ruwa, sai a kunna Doppler don kauce wa jijiyar jini, a soka allura mai lamba 22 ko 19 sau ɗaya, a zuƙe ruwan iya yadda zai fito. Yawan sukan ne ke jawo ƙwayoyin cuta da zubar jini. Ana ɗiga ruwan tsakanin yatsu biyu masu safar hannu, a ware su a hankali. Idan ya ja zare kamar miyar kuɓewa har santimita 1, alamar mai yauƙi ce. Sauran ya tafi ɗakin gwaji: CEA, wani sinadari da ake aunawa a ruwan, sama da nanogiram 192 a mililita, ko suga ƙasa da miligiram 50 a desilita, suna nuna mai yauƙi. Amilas, sinadarin narkar da abinci na fankiriyas, ƙasa da 250 kuwa yana kore jakar da kan biyo bayan kumburin fankiriyas. A kula, hauhawar CEA ba ta nufin daji, nau'in jakar kawai take faɗa.

A ganina, duk allurar da sakamakonta ba zai canza shawara ba, gara a bar ta. Cikin mutum 100, ɗaya ko biyu kan samu kumburin fankiriyas bayan sukan, don haka ciwon ciki mai tsanani, amai ko zazzaɓi a kwanakin farko na nufin a koma asibiti nan take. Ga makiyayi mai zama da karnuka da tumaki kuma, akwai jakar tsutsar kare. Ba kasafai take fitowa a fankiriyas ba, amma idan ana zarginta ba a soka mata allura haka kawai, ruwanta na iya jefa mutum cikin mummunan yanayi a take.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga yadda ake zurar da ruwan jakar kumburi zuwa cikin tumbi da ɗan bututu.