Jar lemar ta gaya mini tun a ƙasa

Ranar Alhamis na miƙa makullin sito, na ɗauki hular kwanona da kujerar tashina, na fito. Shekara huɗu ke nan ina wannan aiki na tashi sama da lema da koyar da shi. Ku da muka sha rana tare a filin nan na wajen gari kun san yadda safiyarmu take, ba sai na tsaya bayanin shimfiɗa lema da warware igiya ba. Na zauna rubuta wannan ne saboda yaran da aka ɗauko bana, waɗanda har yau ake gaya musu wai hannuna ne ya yi nauyi a kan birki, wato igiyoyin da ake ja don rage gudun lema, ranar da na faɗo.

A Turkiyya na koyi tashi da lema lokacin ina karatu, a dutsen Babadag mai tsayin kusan mita 2,000, wanda ya leƙa teku. A can da gudu ake barin dutse. A Zariya dutsen Kufena bai ishe mu ba, don haka mota ce ke jan mu da doguwar igiya, kamar yadda yara ke jan jirgin leda, har mutum ya kai mita 300 ko 400 ya saki. Daga nan babu inji, babu mai. Abin da zai riƙe ka shi ne hucin da ke tasowa daga ƙasar da rana ta gasa, wanda shirwa da ungulu ke hawa ba tare da sun kaɗa fiffike ba.

Lemar da na saba da ita ’yar rukunin B ce. Turawa sun kasa lemomin nan gida huɗu, daga A ta ɗan koyo zuwa D ta ƙwararru, kuma ba gudu ake aunawa ba wajen rabon, ana duba yadda lema ke farfaɗowa ne idan ta lalace a sama matuƙi bai taɓa komai ba. Tawa idan ka sakar mata birki tana yin wajen kilomita 38 a awa, in ka taka totur ta kai 50. A iska mai kwanciya duk mita ɗaya da ta sauka takan ci mita tara zuwa goma gaba. Wato daga tsayin mita 1,000 kana da kilomita tara ko goma kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa. Burinmu duka a lokacin shi ne wata rana iskar hunturu ta tura ɗayanmu daga Zariya zuwa gefen Kaduna, kimanin kilomita 80. Ka lissafa, sai mutum ya samu huci ya hau aƙalla sau takwas, ba tare da ya rasa ko ɗaya ba. A Texas ta Amurka an haura kilomita 600 a yini guda a 2021, mu kuwa 80 ɗin nan ce ke hana mu barci.

Wanda bai taɓa riƙe birkin lema mai lafiya a cikin huci ba zai yi wuya ya gane abin da ya sa muke jure wahalar. Kafin na’urar da ke cinyarka mai nuna hawa da sauka ta fara kuka, jikinka ya riga ya sani. Gefe ɗaya na kujerar zai ɗan ɗago, igiyar birkin wannan ɓangaren ta yi tauri a yatsunka, lemar ta ɗan ja da baya kamar dokin da ya ci karo da tudu. Sai ka ɗaga hannu ka bar ta ta shiga. Ka ƙirga uku, ka jingina jikinka, ka ja birki a hankali, ka fara kewaye. In ta zabura gaba za ta wuce kanka, ka tare ta da birki nan take, ka sake ta nan take. Duk tafiyar haka take, tana magana kana amsawa. Wata rana sama da wata gonar da aka ƙone, ni da shirwa uku muka yi ta kewaye tare har sanyi ya fara cizon yatsuna, ina hango kogin Galma kamar zare. Ban taɓa jin kusanci da ikon Allah irin na wannan rana ba.

Sai oga ya dawo daga tafiya da jar lema ’yar rukunin C. Gwanjo ce, ya ce ya same ta da araha. Doguwa ce siririya, tsawonta ya ninka faɗinta fiye da sau shida, kuma irin wannan ƙira ita ke sa lema ta yanka iska ta yi nisa, ita ce kuma ke sa ta saurin naɗewa in iska ta rikice. Ya ce da ita za mu kai Kaduna, kuma ni zan fara gwada ta, domin yana da baƙi masu son zuba kuɗi da za su zo kallo ranar Asabar.

Ranar Juma’a da yamma na fitar da ita ni kaɗai don in ɗaga ta a ƙasa. Lema mai lafiya in ka ja igiyoyin gaba takan cika da iska ta hau kanka ta tsaya. Wannan sai ta taso da nauyi, ta maƙale a baya, sai na yi ta tura ta da hannu kafin ta zo. Sau shida na gwada, sau shida haka ta yi. Yadin ya yi laushi kamar tsohon zane, babu ƙarar nan ta sabuwar leda. Na kafa bakina a saman yadin kusa da bakin lemar na zuƙa, iska ta wuce kamar ta rariya. Na san ma’anar wannan, an koya mini. Rana da ƙura suna cinye shafen da ke hana yadin yoyon iska. Igiyoyin baya kuma, da yake ba su ɗaukar nauyi sosai, sukan tsuke da tsufa su janyo bayan lemar ƙasa, ta zama kamar an taka mata birki alhali hannunka yana sama. In abu biyun nan suka haɗu, lema takan daina tafiya gaba ta riƙa zubowa tsaye.

Da safe na je na same shi gefen mota, na rage murya na ce, “Yallaɓai, lemar nan tana maƙalewa a baya. A bari in auna igiyoyinta tukuna.”

Ya kalle ni, ya kalli baƙin, ya ce da ƙarfi, “Kai ɗin da ka yi karatu a Turkiyya? In tsoro kake ji ka faɗa, in ba yaron can.”

Yaron can wata bakwai ke nan da fara tashi. Kuma mutumin nan sa’an mahaifina ne, shi ya ba ni aiki lokacin da nake yawo da takardu. Na kasa ce masa a’a a gaban mutane. Kuskurena ke nan, kuma ban taɓa musun sa ba. Na ɗaura kujera na yi bismillah.

Ban kai mita 20 ba na ji iskar da ke bugun fuskata ta ɗauke. Shiru. Na ɗaga kai na ga lemar can baya, cikinta ya yamutse. Hannayena suna sama tun daga farko, na saki igiyar motar, na kai hannu zan tura igiyoyin gaba, ƙasa ta riga ni. A wannan tsayin lemar ceto ba ta da lokacin buɗewa. Na sauka a kan busassun kunyoyin dawa, ƙafar hagu ta karye, ƙashin baya ya tsage. Inna ta so a kira mai ɗori, Yaya ya ce asibiti. Shi ya sayar da babur ɗinsa ya biya. Wata biyar ina kwance, Inna na juya ni kamar jariri.

Oga ya zo dubiya sau ɗaya, da lemo da ayaba. A bakin ƙofa na ji yana ce wa Yaya, “Yaran yanzu rawar kai, ya danne birki ne.” Wannan maganar ta fi karayar yi mini ciwo, kuma har yau ba ta warke ba. Da na fara takawa da sanda na sa direbanmu ya kawo mini lemar gida. Muka ɗaure ta a ƙarfen taga, muka rataya wa kowace igiya nauyin kilo biyar, muka auna ɗaya bayan ɗaya. Na baya sun gaza da kusan santimita uku. Na rubuta a takarda na kai masa. Ya ninke ta ya sa a aljihu bai ce komai ba. Na ƙara shekara biyu a wurin, ban sake tashi da lemar da ban auna da hannuna ba, kuma a cikin yaran da na koya wa babu wanda ya taɓa kwana asibiti.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Kada ka tashi da tsakar ranar bazara in ka ga guguwa tana wasa da kara a filin. In kana kan totur kada ka taɓa birki, ka tuƙa da igiyoyin baya. In gefe ɗaya ya naɗe, ka jingina wajen mai rai, ka riƙe hanya kafin ka damu da buɗe shi. Kada ka bar lema shimfiɗe a rana kana shan shayi. Ka nisanci hanyar jiragen ɗaliban kwalejin tuƙi. Kada ka hau rukuni na gaba sai wadda kake kai ta fara yi maka kaɗan.

Jar lemar tana sito har yanzu, a kan kanta ta biyu daga sama, cikin baƙar jaka mai yagaggen zif. Kafin in miƙa makulli na ɗaura mata jan ƙyalle a hannun jakar, na nuna wa yaran su uku, na ce duk wanda aka miƙa wa ita ya kira ni ko da tsakar dare ne.