Ƙwayar da na ƙi daina ba shi

Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Fili muka sayar, muka ɗauko ɗana daga Kano har Delhi a yi masa aikin zuciya, sannan ni da hannuna na ɓata aikin.

Shekararsa 9 lokacin. Yana zaune lafiya sai zuciyar ta ɗauki gudu, bugu sama da 200 a minti ɗaya, ya dafe ƙirji yana haki. Wannan ya ce maleriya, wancan ya ce iska, har aka dace aka yi masa ECG, gwajin bugun zuciya, yana cikin ciwon, aka ce SVT ce: wata ƙarin hanyar lantarki a zuciya, wutar tana ta kewayawa a cikinta.

A takardar da likitan Delhi ya turo, ɓaro-ɓaro ya rubuta a dakatar da ƙwayar da yake sha don danne ciwon kwana 5 kafin aiki. Na karanta, na ƙi. Tsorona kada abin ya tashi muna sararin sama. Uwarsa ta ce, “Malam, mu dai bi abin da suka ce.” Na ce ta bar ni da shi. Da nas ta tambaye ni ko mun daina, na gyaɗa kai.

Ashe sai sun tayar da ciwon da gangan kafin su gano wurin da za su kashe. Sun zura siraran wayoyi ta jijiyar matsematsinsa har zuciya, suka yi ta tsokanarta kusan awa uku, ciwon ya ƙi tashi. Ƙwayata ta danne shi. Da na faɗi gaskiya likitan bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi. Gara ma ya zage ni.

Kwana 10 muka ƙara: kuɗin masauki, canjin tikiti, wani sabon kuɗin aiki, ga yaro an sake sa shi barci a banza. Duk saboda ƙwayar nan.

A karo na biyu ciwon ya tashi nan da nan. Wurin na dab da babbar hanyar lantarkin zuciyar, don haka daskarar da shi suka yi maimakon ƙonawa, don zafi kan iya lalata hanyar a ƙare da dasa batirin da ke sa zuciya bugawa. Ya kwanta awa 6 bai lanƙwasa ƙafa ba, washegari aka sallame mu.

In kana tsoron tafiya ba magani, kira likitan ka faɗa masa, ya san dabarar da zai ba ka. Kada ka gyaɗa wa nas kai irin nawa.

Yanzu ƙwallo yake bugawa har magariba. Sauran ƙwayoyin kuwa uwarsa ta ƙi zubarwa, ta ajiye su a kan firij inda zan riƙa gani.