Inda aka kwana kan 'yan kwikwiyon nan: kuɗin karɓa da lokacin fiɗiya

'Yan'uwa masu koyon rainon karnuka, barkanmu da war haka. 'Yan kwikwiyon da aka tsinto a kango bayan mota ta kaɗe uwarsu sun shiga mako na goma sha ɗaya, kuma duk suna nan da ransu. An yi musu allurar haɗi ta biyu, wadda ke kare su daga cututtukan karnuka na fabo da distemfa, saura ta ƙarshe a mako na 16. Ta haukan kare sai sun cika wata uku. Abin da ya fi ba ni aiki kaska ce. Ku riƙa buɗe tsakanin yatsun ƙafa da cikin kunne, nan take maƙalewa. Ku kuma ɗaga leɓe ku duba dasashi, in ya yi fari fat maimakon ja-ja, to tsutsa ko kaska ta sha jinin, a garzaya wurin likitan dabbobi.

Masu so sun fara sallama a ƙofa. Wani na neman na gadi, wani na gona, wani kuwa yaransa ne suka tasa shi gaba. Tambayar kowa ta farko ita ce, "Nawa ne?"

A Amurka da Ingila gidajen da ke tsince dabbobin da aka yasar ba sa bayarwa kyauta. Akwai kuɗin karɓa, kuma na kwikwiyo ya fi na babban kare, a Amurka yakan kai ɗaruruwan daloli. Hujjarsu ita ce kowa kwikwiyo yake so, don haka kuɗinsa ne ke biyan jinyar tsohon karen da ba mai kallonsa. Masu suka suna cewa ciniki ne aka sauya wa riga. Ni dai na fahimci hujjar in ƙungiya ce mai rajista da ake duba littattafan kuɗinta. Mutum ɗaya a bayan gidansa, irina da irinku, ba mai duba aljihunsa.

Mu kuma muna da wani nauyi da su ba su da shi. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana cin kuɗin kare. A Risala, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, Ibn Abi Zaid ya kawo hanin sayar da karnuka, sannan ya ce an yi saɓani kan waɗanda aka yarda a ajiye, wato na farauta da kiwo da gona. An ruwaito Sahnun, babban malamin Malikiyya, yana ganin halaccin sayar da irin waɗannan har a yi hajji da kuɗin. Fatawa ta malamai ce, kowa ya tambayi nasa. Abin da na zaɓa wa kaina shi ne kada in shiga saɓanin tun farko.

Na ware littafi guda, duk rasit ɗin asibiti na manna shi a ciki: allura, maganin tsutsa, maganin kaska. Na haɗa jimilla na raba da yawan 'yan kwikwiyon. Wanda zai ɗauka ina buɗe masa littafin ya gani da idonsa, ya mayar da kason nasa. Abinci da tashin dare ban sa a lissafi ba, ba wanda ya aike ni. Kuma kason kowa ɗaya ne. Akwai wani namiji a cikinsu mai manyan ƙafafu da baƙin baki, da alama ubansa na da jinin karen Jamus, shi kowa ke nunawa. Wani ya ce zai ninka kuɗin in ba shi. Na ƙi, domin ranar da kuɗin ya fara hawa da sauka gwargwadon kyan kare, na zama ɗan kasuwa ke nan, sai in daina kiran abin taimako.

Wasunku sun rubuto mini cewa a tsauwala kuɗin, wai abin da aka samu a banza ba a ganin darajarsa. A 2009 an buga wani bincike a Amurka kan kuliyoyi, aka kwatanta waɗanda suka biya da waɗanda aka ba kyauta, ba a ga bambanci a shaƙuwarsu da dabbar ba. A nan ma mafaraucin da ba shi da ko sisi zai iya fin mai mota iya riƙon kare, irinsa kuwa ina yafe masa. Amfanin kuɗin a wurinmu wani ne daban: kare na da kasuwa. Kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato sananniya ce wajen cinikin karnukan yanka, kuma daga jihohin arewa ake kai da yawansu. Ɗan abin da za a biya yakan kori mai wannan niyya. Amma abin da ya fi tace mutane shi ne in taka in je gidan. Akwai katanga? Akwai inuwa da ruwa? Uwargida ta yarda, ko maigida ne kaɗai ke ɗoki?

Maganar fiɗiya ta fi wuya, domin likitocin kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Gidajen dabbobi da yawa a Amurka suna yi wa kwikwiyo aikin tun yana mako takwas, in ya kai kusan kilo ɗaya. A jihar Kalifoniya ma doka ce a yi kafin a miƙa dabba ga sabon mai ita, in ban da 'yan keɓance-keɓance. Dalilin bai wuce ɗaya ba: in aka ce wa mutane su dawo daga baya, da yawa ba sa dawowa. A Norwe kuwa doka ta hana a fiɗiye lafiyayyen kare haka kawai ba tare da dalili ba.

Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Davis sun fitar da sakamako a 2013 kan karnukan golden retriever: mazan da aka fiɗiye kafin shekara ɗaya sun ninka waɗanda ba a taɓa ba wajen samun lalurar ƙugu. Sinadaran jinsi ne ke sa ƙashi ya daina tsawo a kan lokaci, in aka cire su da wuri sai ƙashin ya zarce, gaɓoɓi su sha wahala. A 2020 suka faɗaɗa aikin zuwa nau'i 35, da kuma karnuka masu gaurayen jini bisa nauyinsu. Ƙanana ba a ga haɗarin gaɓoɓi ya ƙaru a kansu ba, matsalar ta fi bayyana daga kilo 20 zuwa sama. Ƙungiyar asibitocin dabbobi ta Amurka, AAHA, a ƙa'idojinta na 2019 ta bi wannan layi: kare mai ƙaramin jiki a wata shida, macensa kafin ta fara neman namiji, namiji mai babban jiki kuwa a jira ya gama girma, tsakanin wata 9 zuwa 15.

Sai dai waɗancan karnuka a ɗaki suke kwana. Namu suna yawo. Karya na iya fara neman namiji tun tana wata shida, cikinta kwana 63 ne, kafin ta shekara ta zubo wasu a wani kangon. Ga wannan ƙari mai zubar jini da ke fitowa a al'aura, wanda karnuka ke ɗauka wajen barbara, ya yi yawa a cikin masu yawo. Ga haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, da yawansu yara. Fiɗiya ba ta maganinsa, allura ce ke yi, amma duk kwikwiyon da aka haifa ba mai shi ba wanda zai kai shi allura. A ɗaya gefen, kwikwiyo ɗan mako takwas jikinsa kan yi sanyi, sukarinsa ya faɗi da sauri in an sa shi barci, sai asibitin da ya saba kuma yake da kayan aiki.

Da muka zauna da likita, ga inda muka tsaya. Ba za a taɓa kowa yanzu ba. Matan sirara ne irin namu na gida, za a cire musu mahaifa tsakanin wata biyar da shida. Mazan a wata shida. Mai manyan ƙafafun nan zai jira ya shekara, saboda haka ba zai je gidan da ba katanga ba, ko da zai daɗe a hannuna. Don kada mu faɗa ramin "zan dawo", mai ɗauka zai biya kuɗin aikin tun yanzu, kai tsaye ga asibiti, a rubuta rana a katin karen. Kuɗin ba ya bi ta hannuna.

Mutum biyu sun fasa da suka ji haka, suka ce fiɗiyayyen kare ba ya gadi. Haushi da tsare gida ba sa tafiya, abin da yake raguwa shi ne bin mata da kwana a waje. Ban ja da su ba. Ku kuma don Allah kada wani ya ce zai yi muku a gida da reza ko roba yadda ake yi wa bunsuru. Aikin likita ne, da allurar barci da maganin zafi, na mace kuma buɗe ciki ne.

Ɗinki yakan yi kwana 10 zuwa 14 kafin a cire, kuma kare lasa yake har ya warware shi. Don haka na fara gwada musu abin wuya tun yanzu: ƙaramin bokitin roba, a yanke gindinsa, a naɗe bakin yankan da tsumma, a huda ramuka a zura igiyar wuya. Da farko ja da baya suke yi suna karo da bango, in aka sa abinci a gabansu sai su manta. Awo kuma duk mako nake yi, in hau sikeli da kwikwiyo a hannu, in sauke shi in sake hawa, in cire. Wanda a cikinku yake da karya da ta kusa wata biyar, ya je ya sa rana da likitansa wannan makon.