Jarrabawar JAMB: inda ɗalibai ke tuntuɓe

A JAMB, jarrabawar neman shiga manyan makarantu a Najeriya, tambayoyi 180 ne a awa biyu: 60 na Turanci, wanda dole ne ga kowa, sauran darussa uku 40 kowanne. Jimillar maki 400. Wato kowace tambaya daƙiƙa 40 kacal take da su, don haka wadda ta cije a tsallake ta, a dawo daga baya. Kada a bar gurbi, ba a rage maki don kuskure.

Amma wasu tun wajen rajista suke faɗuwa. Mai son likitanci ya saka Lissafi maimakon Fiziks, ko ya ci 300 aikin banza ne. 'Yan mata kuma a haƙura da lalle, yana hana na'ura karanta zanen yatsa.