Na Je Mambila, Na Ga Shayi a Gona

Har yanzu kunnuwana ba su gama buɗewa ba tun da muka sauko daga tsaunin nan. Daga Jalingo zuwa Bali da Serti babu abin faɗa sai zafi da ramuka, sai kuma wani ma'aikaci a shingen bincike da ya riƙe katin shaidata yana jujjuyawa, wai me zai kai Bakano Mambila in ba cinikin shanu ba. Na ce shayi na zo gani. Ya wurgo mini katin ta taga ko kallona bai yi ba. Abin ya ci mini rai har Mayo Selbe.

Daga nan hanya ta ɗaga kai sama. Kwana bayan kwana, mota na nishi, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen, tsohuwar da ke kusa da ni ba ta daina salati ba. Kafin mu kai Maisamari kowa ya rufe gilashinsa. Hazo ne ya lulluɓe mu, amma ba irin namu na hunturu mai ƙura da fasa leɓe ba, wannan jiƙa riga yake yi. Da ya yaye sai ga tuddai kore shar iyakar ganinka, ga bishiyoyin zaiti, ga shanu jajaye masu ƙiba. Mun hau kusan mita 1,600.

A Nguroje wani dattijo Bafulatani da muka haɗu a masallaci ya ga ina rawar ɗari. "Ɗana, da wannan 'yar rigar ka hau dutse?" Na ce, "Baffa, ban san haka abin yake ba." Ya kai ni gidansa, ya ba ni bargo biyu da kindirmo, da asuba kuma na tarar an ɗumama mini ruwan alwala. Da na miƙa masa ɗan abin goro, ransa ya ɓaci sosai.

Shi ya haɗa ni da ɗan acaɓa zuwa Kakara, inda ake yin Highland Tea. Shekara talatin ina zama a teburin mai shayi a Fagge, ban taɓa tunanin ganyen nan yana tsirowa a arewacinmu ba. Itacen bai wuce ƙugu ba, an aske samansa daidai wa daida. Masu tsinka na goye da kwanduna, ganye biyu da toho kawai suke cira, hannu kamar walƙiya. Na murza ɗanye na shinshina, babu ƙamshin shayi ko kaɗan, sai ya yi yaushi an niƙa shi an busar yake zama baƙi. Aikin da na ga matan nan suna yi cikin raɓa ya fi ƙarfin kuɗin da muke biya a kofi.

Gembu kwana ɗaya na yi. Na leƙa kogin Donga, na sayi fiya cike da leda a kuɗin da ba zai ba ni uku ba a 'Yankaba. Rabinta ta nuna ta lalace kafin Jalingo.