Wutar Cek da Tururin Fetur: Abin da Gareji Ya Koya Mini

Akwai motar da takan shigo gareji lafiyarta ƙalau. Bugu ɗaya take tashi, tana ja, ba ta hayaƙi, amma wutar cek, wato wutar gargaɗin inji da ke gaban direba, na kunne. In an sa mata kwamfuta sai ta nuna lambar matsala P0455 ko P0442 ko P0441. Kowa ya san abin da aka saba yi: a goge lambar, a karɓi kuɗin kwamfuta, a ce wa mai ita, "Alhaji, ba komai, 'yar Amurka ce, haka suke." Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo ransa a ɓace.

Waɗannan lambobi na layin tururin fetur ne. Fetur yana tururi ko da mota tana ajiye, balle a zafin bazara. Tun farkon shekarun 1970 dokar Amurka ta hana a bar tururin nan ya bi iska, shi ya sa aka rufe tanki ruf, aka ja tiyo daga shi zuwa wani akwati cike da gawayi, wanda muke kira kanista. Gawayin yana riƙe tururin. Akwai bawul guda a sama, kusa da inji, kullum a rufe yake sai kwamfutar mota ta buɗe shi inji ya zuƙe tururin ya ƙone. Akwai wani kuma a ƙasa, jikin kanista, shi a buɗe yake don tanki ya yi numfashi, ba ya rufewa sai lokacin gwaji. Daga 1996 motocin kasuwar Amurka suka fara gwada wannan layi da kansu, suna gano huji mai faɗin milimita ɗaya, na baya-bayan nan ma har rabin milimita. Yawancin Camry da Corolla da Accord da ke zuwa mana ta Kwatano da Legas don waccan doka aka ƙera su.

Babban abin da aikin ya koya mini shi ne lambar ba ta faɗin kayan da ya lalace. Gwajin da motar ta yi ba ta ci ba, shi take faɗa. P0455 tana nufin kwamfuta ta rufe layi, ta zuƙe iska, layin ya ƙi riƙewa. Me ya hana shi? Yana iya zama robar murfin tanki ta tsage. Yana iya zama wuyan tanki ya yi tsatsa, kuma wannan ya yi yawa a motocin da suka fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ko bawul ɗin ƙasa ne ya ƙi rufewa, ko na sama ne ya ƙi buɗewa, alhali babu huji ko ɗaya. Wanda ya ga lamba ya aiki yaro kasuwa ya sayo kanista, caca ya yi da kuɗin mutane.

Kafin in taɓa sifana, mai motar nake tambaya. "Ranka ya daɗe, in ka sha mai, tana wuyar tashi a gidan man?" In ya ce e, to kusan magana ta ƙare: bawul ɗin sama ya maƙale a buɗe, man da ke shiga tanki yana tura tururi kai tsaye cikin inji ya shaƙe shi. Gwajinsa ba ya cin ko sisi. Cire soket ɗinsa, cire tiyon da ya zo daga kanista, ta da mota ta tsaya a silo, ɗora yatsa a bakin bawul ɗin. In ya ja fatar yatsanka, ya mutu. Na ga motocin da aka sauya musu fulogi da famfon mai saboda wannan, kuma ciwon yana nan.

In kuma ya ce bututun gidan mai yana ta katsewa, man ba ya shiga sai a hankali, to hanyar numfashi ce ta toshe. Ƙurar hunturu da hanyoyin ƙauye suna cika matatar bawul ɗin ƙasa. Zanzaro ma yakan gina ɗakinsa a bakin tiyon in mota ta daɗe a ajiye. Ba mu kaɗai ba ne: a 2011 kamfanin Mazda ya janye dubban Mazda6 a Amurka saboda gizo-gizo da ke saƙa a cikin irin wannan tiyo. Amma babban mai kashe kanista a nan shi ne ɗabi'ar cika tanki har baki, a girgiza mota, a ƙara. Gawayin nan don tururi aka yi shi. In ruwan fetur ya shige shi sai ya jiƙe ya farfashe, ɓarɓashin ya bi tiyo ya je ya maƙale bawul ɗin sama. Ka sa sabon bawul ba ka duba kanista ba, shi ma haka zai mutu.

Ƙaramin huji, irin na P0456, ido ba ya ganinsa. Sai da injin hayaƙi, wanda ke tura farin hayaƙi a hankali, matsinsa bai kai psi ɗaya ba (psi ma'aunin matsin iska ne). Dole a fara rufe bawul ɗin ƙasa da kwamfuta, in ba haka ba hayaƙin ta nan zai fito a ɗora wa kanista laifi. Masu hura layin da kwamfuresan faci kuwa, fasa abin da bai fashe ba suke yi. Maganar kusantar wurin da sigari ko fitilar wuta ma ba ta taso ba.

Abin da ya fi wuyar fahimtar da mutane shi ne mutuwar wuta ba shaidar gyara ba ce. Motoci da yawa ba sa gwada layin sai man da ke tanki yana tsakanin kashi 15 zuwa 85 cikin ɗari, kuma inji ya kwana ya huce. Wasu Toyota ma sai bayan kamar awa 5 da kashe su wani ɗan famfo yake tashi ya yi gwajin, shi ne ƙarar da wasu ke ji a ƙarƙashin mota cikin dare hankalinsu ya tashi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa allurarsu ba ta barin ja. Irin wannan mota za ta yi wata guda wuta ba ta dawo ba, ba don ta warke ba, don ba ta samu man da za ta yi gwajin da shi ba. Ranar da aka biya albashi aka sha rabin tanki, sai wuta ta kama, a ce man gidan ne ba shi da kyau.

Shi ya sa in na gama aiki nakan ce wa mai mota ya sa rabin tanki, ya yi harkokinsa, ya dawo bayan mako guda. Sai in sa kwamfuta in duba ko motar ta kammala gwajin layin tururin, ba tare da na karɓi kuɗin kwamfuta karo na biyu ba.