Mako na tara: ranar da Kawu ya gwada shafin makarantarmu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon gina shafukan intanet. Yau mako tara ke nan da na fara aikin shafin makarantar Islamiyyar unguwarmu a Aboabo, nan Kumasi, kuma tun da na soma babu makon da ya koya mini abu kamar wanda ya wuce. Da rana ina gyaran waya a wata rumfa kusa da kasuwar Kejetia, sai bayan sallar isha'i nake samun awa biyu in zauna gaban kwamfuta, saboda haka tafiyar a hankali take. Shafin ba babba ba ne: lokutan salla, jadawalin karatu, sanarwar hukumar makaranta, lambar MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da ake tura kuɗin makaranta, da fom ɗin da iyaye za su cike idan za su sa yaro.

A ƙarshen mako na takwas na auna shafin da Lighthouse, ma'aunin da ke cikin Chrome, ya ba ni maki sama da casa'in cikin ɗari a ɓangaren da ya shafi masu buƙata ta musamman, sai na ɗauka aiki ya kammala. Da wannan murnar na tafi wurin Kawu, yayan mahaifiyata, wanda hawan jinin ido ya raba shi da gani shekaru da dama da suka wuce. Waya ba ta gagare shi ba. Yana amfani da TalkBack, manhajar Android mai karanta wa mutum abin da ke fuskar waya, kuma ya ƙara mata sauri har ni mai ido ba na iya tsintar kalmominta.

Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar, a kan buzunsa. Ya kai wayar kusa da kunnen hagu, yana jan yatsa zuwa dama sau ɗaya sau ɗaya, muryar tana faɗa masa abin da ya iso kai. Ya wuce sunan makaranta, ya wuce gaisuwa, sai muryar ta ce da Turanci, "Lokutan salla, hoto." Ya sake jan yatsa, ta tsallaka zuwa jadawalin karatu. Ya dawo baya, ta maimaita abin da ta faɗa. Ya sauke wayar kan gwiwarsa ya ce, "Ɗana, ta ce mini ga lokutan salla, to ina lokutan?" Na ce, "Kawu, suna cikin hoton." Ya ce, "Ai ka nuna mini ƙofa, amma a kulle take."

Abin da ya faru shi ne, na ɗauki hoton sanarwar da ake yaɗawa ta WhatsApp, wanda aka rubuta lokutan a jikinsa, na liƙa shi yadda yake, na cike gurbin alt, inda ake rubuta bayanin hoto don manhajar ta karanta wa mutum, da kalma biyu. Ma'aunin ya ga gurbin ba fanko ba ne, ya ba ni maki, domin ba shi da hanyar sanin cewa duk amfanin hoton yana cikin lambobin da ban rubuta ba. A daren na cire hoton, na gina tebur na gaskiya, sunayen salloli a layin kai da alamar th mai nuna kan tebur, lokuta a ƙarƙashinsu, ta yadda manhajar za ta haɗa kowane lokaci da sallarsa. Ina roƙon duk wanda ke yi wa masallaci ko ƙungiyar zango shafi ya duba wannan, domin ɗabi'armu ce mu zuba sanarwar aure da suna da ta'aziyya a cikin hoto, kuma duk rubutun da ke cikin hoto bai isa kunnen wanda ba ya gani ba. Hoton da ado ne kawai, kamar zanen da na sa a gefen shafi, ana barin alt ɗinsa fanko da gangan domin manhajar ta wuce shi shiru.

Fom ɗin ne ya fi sosa mini rai. Kawu ya cike sunan jikansa, ya cike shekaru, ya sa lambar waya amma lamba ɗaya ta salwanta. Ya taɓa madannin aikawa sau biyu, kamar yadda ake yi a TalkBack, bai ji komai ba. Ya sake, shiru. Ni da nake leƙe ta kafaɗarsa ina ganin akwatin lambar ya koma ja, domin jan launi kaɗai na sa ya zama alamar kuskure. Sai a karo na uku ya tambaye ni ko data ce ta ƙare. Ƙa'idar sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman ta hana a dogara da launi kaɗai wajen isar da saƙo, na kuma karanta hakan tun mako na huɗu, amma sai da na ga dattijo yana zargin wayarsa a kan laifina sannan maganar ta zauna mini. Yanzu idan an yi kuskure, rubutu yana fitowa ƙarƙashin akwatin cewa lambar waya lamba goma ce, na ɗaure rubutun da akwatin ta hanyar aria-describedby, alamar da ke sa manhajar ta karanta su tare, sannan shafin yana mayar da mutum kan akwatin farko da ke da matsala, ba sai ya yi lalube ba.

Ƙa'idar da nake nufi ita ce WCAG, wadda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ke fitarwa. Ta farko ta fito a 1999, ta 2.0 a 2008, ta 2.1 a 2018, ta 2.2 kuma a Oktoba 2023. Matakanta uku ne, A da AA da AAA, kuma na tsakiyan nake bi, shi ne wanda akasari ake nema.

Daga cikinta akwai maganar bambanci tsakanin launin rubutu da na bango, wanda a matakin AA dole ya kai 4.5 bisa 1 ga ƙananan haruffa, 3 bisa 1 ga manya. Na yi rubutun bayani da ruwan toka mai lamba #999999 a kan fari saboda yana da kyau a kwamfutata cikin ɗaki da dare, da na auna kuwa bai kai 3 ba. Tokar da ke tsallakewa da ƙyar a kan fari ita ce #767676, ni kuwa na koma #333333 gaba ɗaya. A nan sana'ata ta taimake ni, domin kullum ina riƙe wayoyin mutanen da za su buɗe shafin nan: gilashi a tsage, an rage haske don batir ya kai yamma, ga ranar Kejetia tana dukan fuskar wayar. Rubutun da ya yi wa mai raunin gani wuya, a irin wannan waya kowa ma zai sha wuyarsa.

Washegari na zare linzamin kwamfuta na sa a aljihun tebur, na bi shafin da maɓallin Tab kaɗai, kamar yadda mai shanyewar hannu ko mai makyarkyata zai yi. Nan na tarar na share zoben da ke nuna inda mutum yake, domin wani darasin bidiyo ya ce yana ɓata ado, kuma madannin buɗe jerin shafuka da div na gina shi, wato akwati kawai ba alamar madanni ba, Tab ba ya tsayawa a kansa sam. Na mayar da zoben, na sauya div da button, alamar madanni ta gaskiya. Na kuma sauke NVDA, manhajar karatu ta kyauta a Windows, wadda makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka faro a 2006. A cikinta harafin H yana tsallaka da mutum daga kan magana zuwa na gaba, kuma da shi na ji yadda na hargitsa nawa, domin girman harafi nake dubawa in zaɓi alamar kan magana, h2 ko h4, ba matsayin maganar ba.

Wani daga cikin dattawan hukumar makaranta ya tambaye ni, cikin kyakkyawar niyya, ko iyaye makafi nawa muke da su da zan ƙara mako biyu a kan aikin. Na ce masa, "Alhaji, ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na 'yan Ghana masu shekara biyar zuwa sama suna fama da wata larura ta gani ko ji ko tafiya ko makamantansu, mutum sama da miliyan biyu ke nan." Na tuna masa cewa dokar masu buƙata ta musamman ta 2006, mai lamba 715, ta bai wa gine-ginen jama'a wa'adin shekara goma su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun 2016, amma har yau shi da kansa ya san benayen da mai keken guragu ba ya iya hawa. Gini sai an fasa siminti an kashe sidi masu yawa, shafi kuwa dararen mutum ɗaya kawai yake ci. Ya yi shiru, sannan ya ce mahaifiyarsa ma yanar ido ta rufe mata gani kafin rasuwarta, in ci gaba.

Matsalar da ban warware ba ita ce ta harshe. Na sa lang="ha" a kan shafin, alamar da ke nuna da Hausa aka rubuta shi, kamar yadda ƙa'ida ta nema, na yi wa sassan Turanci da na Larabci alamar harshensu, na Larabcin kuma na juya shi daga dama zuwa hagu. Sai dai wayar Kawu da muryar Turanci take karanta masa Hausa, "ciki" ya koma "siki", haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ kuma tana tuntuɓe a kansu. Na yi tunanin cire lanƙwasar, amma na fasa, domin ɓata rubutun Hausa saboda gazawar murya ba gyara ba ne, kuma "ƙasa" da "kasa" ba abu ɗaya ba ne ga mai karantawa. Kawu ne ya kawo shawara: kowace muhimmiyar sanarwa a ɗauki muryar malami yana faɗarta da Hausa, a ajiye kusa da rubutun. Na yi hakan ga sanarwa biyu, da sharaɗin sautin ba zai tashi da kansa ba sai an danna, don kada ya danne muryar manhajar, rubutun kuma yana nan saboda kurame.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na koma masa. Ya bi teburin salla daga asuba har isha'i, ya shiga fom, ya rage lamba ɗaya da gangan don ya gwada ni, wayar ta faɗa masa abin da ya rage, ya gyara, ya aika, ya ji saƙon cewa an karɓa. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Allah ya yi albarka, saura maɓallan nan na ƙasa, sun yi kusa da juna." Gaskiyarsa ce, domin WCAG 2.2 ta nemi wurin taɓawa ya kai piksel 24 tsawo da faɗi, ko a bar isasshen fili a tsakani, nawa kuwa uku a cunkushe suke.

Aikin mako na goma ke nan, tare da rubuta fassarar magana a ƙasan bidiyon walimar saukar karatu, mai tsawon minti goma sha huɗu, wanda na yi minti uku daga ciki zuwa yanzu. Idan a cikinku akwai mai iPhone da ya saba da VoiceOver, manhajar karatu ta iPhone, ina neman taimakonsa ya bi mini fom ɗin sau ɗaya, domin a Android da Windows kaɗai na gwada shi.